Kayan Sallah: ta ina ake fara ragewa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Goman ƙarshe na azumi ta ƙarato, Kantin Kwari babu masaka tsinke, ga sif da akwatuna a gidaje maƙare da kayan da ba a sawa. Masu sani, ta ina magidanci ko uwargida za su rage sayayyar Sallah ba tare da yara sun ji an tauye su ba?

Mai Almakashi: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da lissafin yadi kafin a je kasuwa. Turmin atamfa yadi shida ne. Babbar mace na cinye shi a riga da zani da ɗankwali, amma yarinya 'yar shekara biyar ko shida yadi biyu da rabi zuwa uku ya ishe ta, wato turmi ɗaya na yi wa biyu. Kaftani da wando na babban namiji yadi huɗu ne zuwa biyar. Yawancin asarar daga nan take: a saya wa kowace yarinya turminta, ragowar ta ƙare a ƙasan akwati.

Sai lokaci. Ɗinkin da aka kai a goman ƙarshe shi ne ake yi da dare ido na rufewa, a ba yaran shago su haɗa. Shi ya sa za ki ga hannu ɗaya ya fi ɗaya, ko an bar bakin yadi ta ciki ba a ɗinke ba, wanki biyu ya fara zarewa. Kala ɗaya da aka kai tun Sha'aban ya fi kala uku na daren Sallah. Ki ce wa tela ya bar inci biyu a lanƙwashe a ƙafar wando da gindin rigar yara. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, kayan nan za su sake fita idi, baɗi kuma a warware lanƙwasar.

Ɗan Kwari: Ƙari a kan na malam tela. Cikin cunkoso ake shigar da kaya marasa kyau, don ba mai tsayawa ya duba. Shadda, ki murza gefenta tsakanin yatsu. In ta saki farin gari ta yi laushi nan take, sitaci ne ya riƙe ta. Atamfa kuwa a jiƙa farin ƙyalle a goga a kusurwa, in ya ɗauki launi za ta zuba. Kuma a fito da kuɗin abin da aka rubuta kawai. Tura kuɗi ta waya ya sa mutum ba ya jin fitarsu.

Hajiya Babba: 'Yata, kafin kasuwa a buɗe sif tukuna. A zube komai a tabarma, a kasa uku: wanda ake sawa, wanda ya yi wa yara kaɗan, da wanda Sallah ta zagayo ba a taɓa ba. Kashi na biyu a wanke, a goge, a gyara maɓalli da zif, a bayar mako guda kafin Sallah don wani yaron ya je idi da shi. Atamfofin lefe da ba a ɗinka ba, a cikinsu za a ciri na bana. Sauran a ba dillaliya, don in suka ci damina biyu uku a akwati danshi na sa musu tabo a kan ninki.

Anko ne ya fi ci min rai, wallahi. Mace ta ci bashi don kayan da za ta sa yini ɗaya. Abin da malamai suka karantar shi ne a fita idi da mafi kyawun tufafin da ake da su, ba su ce dole sai sabo ba. A fara ware zakkar fidda kai, sa'i ɗaya a kan kowane mutum na gidan, da abincin ranar, abin da ya saura a yi wa yara ɗinki da shi.