Akoka ko Kano: ina Abba zai karanci kasuwanci?

Baban Abba, Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Abba zai cike fom ɗin JAMB na neman shiga jami'a, digirin harkokin kasuwanci yake so. Shi ya nace sai UNILAG, Jami'ar Legas da ke Akoka, ni kuma BUK, Jami'ar Bayero ta Kano, nake so masa. Jiya kawunsa ya ce wai duk wanda ya karanci kasuwanci a wani gari ban da Legas ɓata shekara huɗu ya yi. Ku gaya min gaskiya.

Kawu Lawal, Agege: Ni na faɗa, kuma ban janye ba, Yaya. Hedikwatar manyan bankuna tana nan, kasuwar hannun jari tana Marina, tashar jiragen ruwa tana Apapa. Yaron da ke Akoka zai fito aji ya hau mota ya kai takardar neman aikin horo da ƙafarsa. Na Kano sai dai ya turo ta waya ya zauna jira.

Malam Habu: Haba Lawal. Kano da ake fatauci tun zamanin ayarin raƙuma ce za a ce ba a koyon kasuwanci? Je ka Kantin Kwari ko Dawanau ka ga yadda kuɗi ke juyawa. BUK ma akwai makarantar kasuwanci mai sunan Dangote, shi kuma ɗan Kano ne.

Kawu Lawal: Ɗan Kano ne, amma matatar man tasa a Lekki take.

Malam Habu: To, ka ci wannan.

Hajiya Maman Ummi, Idi-Araba: Ku maza kuna ta cika baki, ba wanda ya tambayi ko yaron zai samu gurbi. UNILAG ba ta kallon wanda bai sa ta zaɓin farko ba, kuma maki 200 a JAMB ƙofar shiga layi ce kawai, ga jarrabawar tantancewa a gaba. A jami'o'in tarayya kashi 45 ne na cancanta, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a karatun boko. Alhaji, takardar asalin Abba ta wace jiha ce?

Baban Abba: Ta Jigawa ce, Hajiya, duk da a Ketu aka yanke masa cibi.

Hajiya Maman Ummi: To a BUK ɗan yanki ne. A Akoka sai dai ya shiga da ƙarfin makinsa ko ta wannan kashi 20 ɗin. Ku zaunar da shi ku ga me yake ci a lissafi tukuna.

Malam Habu: Kuma kada a ce tsoron yajin aiki. Na ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, duka biyun ya rufe.

Sadiya: Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Ni daga gida na yi karatu a nan Legas. Ƙarfe biyar da rabi nake fita, jaka a cinya, littafi a buɗe cikin danfo, motar haya, wani lokaci in isa an rufe ƙofar aji. Amma ranar Asabar ina shagon mahaifiyata ina rubuta mata shiga da fita, abin da aka koya mana ranar Laraba ke nan. Abba yana da rumfar albasa a hannu, yana jin Yarabanci. Wannan ba ƙaramin jari ba ne.

Baban Abba: Abin da ke damuna ke nan, 'yata. Yarabancinsa ya fi Hausarsa. Ran nan kakarsa ta kira, ya kasa mayar mata da gaisuwar rasuwa. So nake ya zauna cikin dangi ya san gida.

Kawu Lawal: Ashe ba zancen digiri ba ne, Yaya. Da ka faɗa tun farko. Tura shi Hadejia duk hutu, ni zan biya kuɗin mota.

Baban Abba: Na riƙe ka da wannan, jama'a shaida ne. Hajiya, turo min lambar malamin lissafin da ya koyar da Ummi.