Kuliyoyi sun hana shukokina sakat, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara. Ina da tukwanen shuka guda 9 da ɗan fili inda na sa tumatir da latas, amma kusan kullum da safe sai in tarar an tone ƙasar, saiwoyi a waje, ga kashin kyanwa a binne. Na lura ƙasa mai laushi wadda aka sassaƙe suka fi so, musamman idan ta bushe.

Na zuba ɓawon lemu, ya yi aiki kwana biyu, da ƙamshin ya tafi suka dawo abinsu. Ƙananan duwatsu sun kare tukwanen, to amma filin fa, inda iri bai ma tsiro ba? Garin barkono kam na ƙi, don yana shiga musu ido, kuma ban son cutar da dabba. Abin da ya fi damuna shi ne kashin, tunda yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai haɗari ga mai juna biyu, ga shi latas ɗanye ake ci.

Wanda ya taɓa shimfiɗa ragar waya a kan ƙasa, shin tsiro yana fitowa lafiya ta ramukanta?