Neman kalmar Hausa: tsuntsun "honeycreeper" na tsibiran Hawai

Maman Ilham: Assalamu alaikum malamaina. Agaji nake nema cikin gaggawa. Gobe Alhamis da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirinmu na muhalli a rediyo, labarin makon nan kuwa a kan wani ɗan tsuntsu ne na tsibirin Maui a Hawai, sunansa po'ouli. A watan Oktoban 2023 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta cire shi daga jerin halittun da ake ba kariya, shi da wasu tsuntsayen Hawai 7, domin babu sauran ko ɗaya da za a kare. Na ƙarshe da aka sani ya mutu a hannun masu kula da shi ranar 26 ga Nuwamba, 2004. Tambayata biyu ce. Danginsa da Turawa ke kira honeycreeper (honey na nufin zuma), me zan ce musu? Sannan extinct, "ya ɓace" ne ko "ya ƙare"? Yawancin masu sauraronmu a karkara suke, ba na son in cika musu kunne da Turanci.

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Sha-zuma.

Zainabu Ƙaura: Sha-zuma ya yi kusa da shazumamu, Baban Sadiƙ. A rediyo mai sauraro zai ɗauka cinnakun sukari ake nufi. Idan kuma an ce "tsuntsun zuma", mutanen ƙauye za su tuna wanda ke jan mafarauta zuwa kogon zuma, wannan kuwa daban ne. Me zai hana sha-kauci? Ai muna da shi, ɗan tsuntsu mai siririn baki da ke bin furanni.

Dakta Nura: Malama Zainabu, sha-kauci namu ne na Afirka, kuma ba su haɗa dangi da waɗannan ba, kama ce kawai ta hanyar cin abinci. Tsuntsayen Hawai ɗin nan 'yan gidan su kanari ne. Kakansu wani tsuntsu ne mai cin tsaba daga Asiya, ya isa tsibiran fiye da shekara miliyan 5 da suka wuce, zuriyarsa ta rarrabu zuwa iri fiye da 50. Yau 17 suka rage. Wasu, kamar 'i'iwi mai jan gashi, bakinsu dogo ne lanƙwasasshe, suna shan ruwan fure. Wasu tsaba suke fasawa, wasu ɓawon itace suke ɓantara suna neman tsutsa. Shi po'ouli da Maman Ilham ke magana a kai bakinsa gajere ne kakkaura, kuma abincinsa dodon koɗi na kan itace da ƙwari. Duk sunan da ya ƙunshi zuma ko fure zai yi masa ƙarya.

Isufu Maradi: Mu nan da Faransanci munka yi lakwal, sunan da munka gani ga dangin shi ne drépanis, asalinshi kalmar Girkanci mai nufin lauje. Baki-lauje ya yi mani daɗi ga kunne. Amma na ji bayanin Dakta, tunda wannan bakinshi gajere ne, bai hau kanshi ba.

Malam Lawal: Jama'a, kuna ta kewaye alhali Hausa ta riga ta shimfiɗa muku hanya. Muna da tsarin da muke ƙera suna daga aikatau: mai mantuwa mantau, mai makara makarau. Mai tsotsar fure kuwa TSOTSAU. Gaɓa biyu, babu aro, yaro da tsoho za su riƙe. Na shekara 33 ina koyar da Hausa kafin in yi ritaya, kuma na daɗe ina cewa wannan tsarin ya ishe mu sunayen dabbobi da yawa. 'Yata, ki rubuta tsotsau, jam'i tsotsau-tsotsau ko 'yan tsotsau.

Dakta Nura: Allah gafarta Malam, tsarin daidai ne, amma wannan tsuntsun ba tsotsa ce sana'arsa ba.

Malam Lawal: Raƙumin dawa raƙumi ne? Karen ruwa kare ne? Suna alama ce, Dakta. Su kansu Turawan da suka sa zuma a cikin sunan ba su san wasu ba sa sha ba? Su an yafe musu, mu kuma sai an kafa mana sharaɗin kimiyya kafin mu raɗa suna da bakinmu. Abin da ke cin raina ke nan. Duk kalmar da Bahaushe ya ƙera sai 'yan boko sun auna ta a sikelin Turanci.

Baban Sadiƙ: Maganar Malam tana da ƙamshin gaskiya a nan. Jirgin sama, na'ura mai ƙwaƙwalwa, wayar hannu, duk ƙera su aka yi, kuma sun zauna.

Zainabu Ƙaura: Sun zauna ne domin kullum ana ganin abubuwan ana kiran su. Na'ura mai ƙwaƙwalwar ma wa ke faɗa a kasuwa? Kwamfuta ake cewa. Tsotsau kuma, Malam ka yi haƙuri, ni da na ji shi yaro mai tsotsar yatsa ya faɗo mini a rai.

Malam Lawal: Wannan laifin kunnen da rediyoyin zamani suka ɓata ne. A da mai fassarar labarai ba ya sakin kalma sai ya tuntuɓi manya. Yanzu kowa ya ji Turanci sai ya ɗora masa wasali a ƙarshe ya ce ya yi Hausa.

Isufu Maradi: Malam, in ana batun tsarkin harshe, ku can kun fi mu aro. Mu mun ce lakwal, ku kun ce sakandare da firamare, duka na Nasara ne. Amma duk sa'ad da anka zo tsayar da kalma, ta Kano aka ɗauka, ba a tambayar Maradi ko Damagaram ko Tawa.

Baban Sadiƙ: Isufu, ai daidaitacciyar Hausa dole ta tsaya a wuri ɗaya, in ba haka ba littafi ba zai karantu ba.

Isufu Maradi: Ban ƙi ba. Amma a riƙa jin namu.

Maman Ilham: Iyayena, don Allah a dawo kan tsuntsun, dare yana yi. Dakta, ka taimaka mini da "ya ɓace" da "ya ƙare".

Dakta Nura: Ki ce "irinsa ya ƙare". Abin da ya ɓace ana sa ran ganinsa, akuya takan ɓace ta dawo. Manomi kuwa ya san ma'anar iri ya ƙare: babu abin shukawa baɗi. Labarin po'ouli ma haka ya tafi. Sai a 1973 wasu ɗaliban Jami'ar Hawai suka fara ganinsa a kurmin da ke gangaren dutsen Haleakala, can sama inda ruwa ba ya yankewa. Zuwa 1997 guda 3 kaɗai aka sani, kowanne a yankinsa, ba sa haɗuwa. A 2002 aka kama ɗaya da ake zaton mace ce aka kai ta yankin wanda ake zaton namiji ne, ta tashi ta koma gidanta. A Satumban 2004 aka kama ɗaya domin a nema masa abokin zama a cibiyar kiwon tsuntsaye ta Maui, tsoho ne mai ido ɗaya, ba a samo sauran biyun ba har ya mutu. An daskarar da ƙwayoyin jikinsa a gidan namun daji na San Diego.

Ki kuma gaya wa masu sauraro dalili, don za su gane shi sarai. Hawai ba ta da sauro sai a wajajen 1826 da jirgin ruwa ya kawo shi, daga baya zazzaɓin cizon sauro na tsuntsaye ya shigo, su kuwa jikinsu bai san cutar ba. Aladun daji suna tone ƙasan kurmi suna barin kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa. Ga ɓeraye, ga tunku, ga kyanwa, duk mutum ne ya kai su tsibirin, ɓerayen ma har dodon koɗin da po'ouli ke ci suna cinyewa. Danginsa da suka rage sun tsira ne a kan tsaunuka inda sanyi ya hana sauro zama, yanzu ɗumamar yanayi tana hawa da sauron can.

Malam Lawal: "Irinsa ya ƙare" Hausa ce tsantsa, ban da ja. Ga shi Dakta da kansa ya nuna Hausa ba ta gaza ba. To me ya hana tsotsau?

Zainabu Ƙaura: Malam, akwai abin da na karanta da nake ganin zai taɓa zuciyarka. Lokacin da aka gano tsuntsun nan ba shi da suna ko a harshen mutanen Hawai. Sai aka je wurin Mary Kawena Pukui, dattijuwar da ta yi aikin ƙamusun harshensu, ita ta raɗa masa po'ouli, wato mai baƙin kai, saboda baƙin da ya rufe masa fuska. Irin aikin da kake kira a yi ke nan, ita ta yi wa harshenta, harshen da aka kore shi daga makarantu a 1896 har ya kusa mutuwa. Idan muka ture sunan da ta ba shi muka ɗora namu, abin da muke kuka Turanci yana yi mana shi muka yi mata. Ni a ganina sunan tsuntsun a bar shi. Alamar da ke tsakiyarsa ma hamzar nan ce tamu ta sa'a da jama'a, bakin Bahaushe ba zai sha wahala ba.

Isufu Maradi: Sai dai p ɗin. Mutane fo'o'uli za su ce.

Zainabu Ƙaura: Su ce. Fakistan ma haka muke cewa, ba wanda ya ɓata.

Malam Lawal: Ban san labarin baiwar Allahn nan ba. Sunan tsuntsun kansa na sallama, haƙƙinta ne. Amma ni kan sunan dangin nake magana tun farko, shi kuma Turawa suka raɗa, ba ita ba.

Dakta Nura: To ga shawara: "dangin kanarin Hawai". Mutanenmu sun san kanari, suna kiwonsa a keji, kuma nasabar gaskiya ce.

Malam Lawal: Kanari kuma Hausa ce? Kun gudu daga aro kun faɗa aro.

Baban Sadiƙ: Ta zama Hausa, Malam. Kakana da ita ya san tsuntsun.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da na rubuta: "Po'ouli, wato mai baƙin kai, ɗan tsuntsu ne daga dangin kanarin Hawai, wanda irinsa ya ƙare a duniya." Baba Malam, inda zan ambaci 'i'iwi da sauran masu shan ruwan fure zan ce "waɗanda za mu iya kira tsotsau", in ji abin da masu kiran waya za su ce. Idan sun karɓa zan ci gaba da amfani da ita.

Malam Lawal: Ban gamsu da kanarin ba, kuma ina nan kan bakana cewa tsotsau ya ishi dangin duka. Amma lokaci ya ƙure miki, je ki yi aikinki, Allah ya yi albarka. Ki ja wasalin farko idan za ki faɗa, kada ki gajarta shi. Ki kuma turo mana sautin shirin in ji da kunnena.

Isufu Maradi: Ni ma a turo mani. Baki-lauje kuwa ina ajiye da shi domin 'i'iwi.