Tsuntsu a dangin kada zan saka shi, ko in bi littafi?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum malamai. Ranar Litinin zan fara rabe-raben dabbobi masu ƙashin baya. Littafin da aka ba ni ya kasa su gida biyar: kifi, dangin kwaɗo, masu jan ciki, tsuntsaye da masu shayarwa. Amma a jami'a an koya mana cewa kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Yaran nan jarrabawar fita ke gabansu. Wanne zan rubuta a allo?

Mai Ɗakin Gwaji: Wa'alaikis salam. Ki fara da ƙwai. Nakan ce musu kwaɗo sai ya koma ruwa zai yi ƙwai, amma ɗan ƙadangare da ɗan tsuntsu kowa yana cikin jakar ruwansa a cikin ɓawo. Ita ce fayar da ke fashewa lokacin naƙuda. Nan take suke gane Amniota, wato rukunin dabbobin da 'ya'yansu ke girma a cikin wannan jakar ruwa, har su saka mutum a ciki da kansu.

Tsohon Ɗalibi: Malama, ki bi littafi don Allah. Ni na taɓa rubuta cewa tsuntsu daga dinoso ya fito, dabbobin nan masu jan ciki na zamanin da, na kawo misalin burbushin wata tsohuwar halitta mai suna Archaeopteryx da aka tono a Jamus a 1861, mai fuka-fuki ga haƙora ga doguwar jela ta ƙashi. Jan biro aka shata mini tun daga sama har ƙasa. Na je ofis, malamin ya ce in nuna masa shafin a littafinsa. Babu. Da maki uku na faɗi, sai da na maimaita kwas ɗin shekara guda. Har yau abin yana ci mini rai.

Ɗan Baya: To kazar gidanmu ƙanwar kada ce ke nan? Shi ya sa take harara.

Baba Malam: Shekara 22 ina wannan aiki. Mai duba takarda abin da ke gabansa yake bi. Ku bar zancen jami'a a jami'a.

Mai Ɗakin Gwaji: Allah ya ƙara girma Baba, amma daɗewa ba hujja ba ce. Linnaeus ma, masanin da ya tsara rabe-raben halittu, a 1758 gida ɗaya ya zuba maciji da kwaɗo, daga baya aka raba su. Kada zuciyarsa ɗaki huɗu ce kamar ta tsuntsu, yana haɗa sheƙa, yana gadin 'ya'yansa.

Baba Malam: Ɗalibai nawa ka taɓa kaiwa jarrabawa?

Sabuwar Malama: Don Allah, allon fa?

Tsohon Ɗalibi: Laifin masu buga littafi ne. Har yanzu suna ware kunkuru saboda ba shi da rami a ƙoƙon kai bayan ido, alhali binciken ƙwayoyin gado ya kai shi kusa da kada da tsuntsu. Bango kawai suke canzawa su ce sabon bugu.

Mai Ɗakin Gwaji: Mu ko ƙoƙon kai ɗaya ba mu da shi. Rami ɗaya na masu shayarwa, biyu na su kada, duk da alli nake zanawa. Sau uku ina rubuta takardar neman kaya, shiru.