Bayan motata yana durƙusawa cikin dare: balan-balan zan sauya ko in koma sifirin?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Range Rover ƙirar 2010, wadda ake ce wa L322, shekara shida ke nan tana hannuna. Wata biyu da suka wuce na fara lura, duk sanda na fito sallar asuba sai in tarar bayanta na hagu ya zauna, taya har ta kusa shigewa cikin bodi. Da na tayar da ita sai kwamfiresa mai hura iska ya kama gurnani a ƙarƙashin safaya, can ta miƙe kamar ba abin da ya faru. To yanzu abin ya ci gaba, ko masallacin Juma'a na shiga na fito sai in same ta a karkace. Bakanikena ya ce balan-balan ɗin ne, wato jakar robar da ake cika wa iska ta ɗauki nauyin motar a madadin sifirin, ya ba ni zaɓi uku: sabo, ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa, ko a cire tsarin iskar kwata-kwata a sa sifirin na ƙarfe. Abin da ya sa nake jan ƙafa, da motar nan nake kai Hajiyarmu Haɗeja, ga ciwon baya ga gwiwa, sai na danna maɓalli motar ta sauko ƙasa take iya shiga ba tare da an ɗaga ta ba. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Oga na Apo: Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Motar nan tana daidaita kanta ko bayan an kashe ta, shi ya sa ido kaɗai yana yaudara: kusurwa ɗaya ke yoyo, sai ta sauke sauran don su yi daidai. Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri da yamma, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, ka rubuta a takarda, sannan a zare fiyus ɗin tsarin iskar. Da safe ka sake aunawa. Kusurwar da ta sauka ita ce mai laifi. Daga nan a ɗaga motar zuwa tsayinta na ƙarshe, a kaɗa ruwan omo a gora a fesa wa balan-balan ɗin, musamman can ƙasa inda robar ke naɗewa a kan gindinta. Nan ƙura da tsakuwa ke taruwa suna cin robar a hankali har ta tsattsage kamar faso. In akwai yoyo za ka ga kumfa na tasowa. A fesa wa bakin tiyo da akwatin bawul na baya ma, don na sha ganin an sauya balan-balan lafiyayye alhali 'yar robar bawul ce ta bushe. Kuma don girman Allah kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙarfe. Iska ba abin dogaro ba ce.

Malam Direba: Ranka ya daɗe, ni dai sifirin zan ce. Maigidana ya mayar da tasa shekara uku ke nan, muna Kano muna Maiduguri, ko sau ɗaya ba mu kwana a hanya saboda iska ba. Ran da balan-balan ya fashe maka bayan Potiskum, wa zai gyara?

Ummu Sadik: Malam Direba, ba ka karanta zancen Hajiya ba ne? Mijina ya yi wannan canjin, ni ce nake zama a baya, ni na san yadda gargada ke dukan ƙugu tun daga ranar. Motar ba ta ƙara saukowa ba, ba ta ƙara ɗagawa ba in an zo kwari da damina. Mai tsohuwa a gida bai kamata ya fara ta nan ba.

Malam Direba: Gaskiya ne Hajiya, ban yi la'akari da wannan ba. Na janye.

Injiniya Kaduna: Alhaji, kan ɗan Beljiyam nake so in tsaya. Inji ko giya na Beljiyam ana saye a ci riba, domin ƙarfe ne. Balan-balan roba ne, shekaru ke kashe shi ko motar tana tafiya ko tana ajiye. L322 an daina ƙera ta tun 2012, ka ga duk wanda aka ciro daga jikin wata motar sa'an naka ne, an dai wanke shi an shafa masa mai yana ƙyalli. Ka sayi sabo, kuma biyu, hagu da dama, tunda rana ɗaya aka sa su, hanya ɗaya suka bi. Ka yi sa'a ma na baya ne, don a wannan motar na baya daban yake da shakazoba, na gaba kuwa a haɗe suke, sun fi tsada nesa ba kusa ba. Bayan na kamfanin motar, akwai na Dunlop da na Arnott, duk sanannu ne. Ka ba mai kaya lambar shasi ya duba, kada ka yarda da “ai duk ɗaya ne”. Wanda ba suna ba lamba a jikinsa, bar shi a kanta komai arharsa.

Sai maganar da ta fi damuna: kwamfiresan da ka ce yana gurnani. An yi shi ne ya yi aiki kaɗan ya huta. Wata biyu yana cika abin da ke zuba, zafi yake ɗauka, ƙwayoyin da ke tsane danshi a cikinsa suna jiƙewa. In ya ƙone, kuɗinsa ya fi na balan-balan ɗin. Ka rage hawa motar har a gyara.

Oga na Apo: Ƙari kan na Injiniya: wajen ɗaurawa kada a sauke motar daga jak balan-balan yana fayau ba iska, robar za ta naɗe a karkace, sabo ya lalace tun ranar farko. A bar shi ya ɗan cika tukuna. In an gama a jona kwamfuta a goge kurakurai, a duba ko tsayin kusurwa huɗun ya yi daidai.

Baban Hanifa: Allah ya saka muku da alheri. Jiya na yi yadda Oga ya ce. Kusurwa uku ba su motsa ba, bayan hagu ya sauka kusan yatsa huɗu. Muka fesa ruwan omo, kumfa ta taso daidai wurin naɗin, ƙanana kamar ƙwan kwaɗo, na dama ma duk ya tsattsage ko da yake bai fara zuba ba. Bawul lafiya lau. Na tura lambar shasi Legas, sababbi biyu za su iso ranar Laraba in sha Allahu. Motar tana ajiye, na ce wa Hajiya tafiyar Haɗeja sai mako mai zuwa. Injiniya, kwamfiresan fa, a buɗe shi a sauya ƙwayoyin tun yanzu ko in saurari ƙararsa bayan gyaran?

Injiniya Kaduna: A sauya yanzu Alhaji, tunda ga motar a gareji. Safaya kawai za a ɗaga.