Jakuzi ya ƙi ɗumama ruwa, masu aikin wuta ku agaza

Assalamu alaikum. Ina kula da wani gidan baƙi a Jos, kuma jakuzinmu, wato bahon wanka mai ɗumama ruwa da tayar da kumfa, ya sa ni a gaba. Famfon da ke tura ruwa na aiki, kumfa na tashi yadda aka saba, amma ruwa sanyi ƙalau. Na saita shi a digiri 38, ya kwana a kunne, da safe allon yana nuna 21, ga kuma rubutun FLO yana ƙyaftawa.

An ce wannan alamar na nufin ruwa ba ya ratsa hitar da ƙarfi, sai na'urar ta yanke mata wuta don kada ta ƙone. Na ciro filta, na same shi ya yi kanta har da gashi, na wanke tas. Shiru. Na auna ƙarfen hitar da mita, ya ba ni om 18 (ma'aunin turjiya ga wutar lantarki), wanda ya yi daidai da hita mai kilowat 3. Ke nan lafiyarta lau.

To ina matsalar? Iska ce ta maƙale a bututu tun da muka sauya ruwa, ko makunnin da ke jin gudun ruwan ne ya mutu? Ta yaya zan gwada shi ba tare da na haɗe wayoyinsa ba? Wannan kam ina tsoro, mutane ke shiga ruwan. Ga hunturu ya kankama, baƙi sai tambaya suke.