Ina da CCNA da A+ amma ko'ina ana neman gogewar aiki: ta ina zan fara?

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum. Na karanta ilimin sinadarai a jami'a, kuma bayan hidimar ƙasa na koma fannin kwamfuta, inda na ci jarrabawa biyu na satifiket ɗin CompTIA A+ (na gyara da kula da kwamfuta), daga baya na ci CCNA 200-301 (satifiket ɗin kamfanin Cisco kan haɗa kwamfutoci da juna). Damuwata ita ce duk tallar aikin da na gani tana neman gogewar shekara 2 ko 3, alhali ban taɓa aiki a wata ma'aikata ba. Na tara ɗan kuɗi, kuma ina tsakanin ƙara Security+ (satifiket na tsaron kwamfuta) ko tafiya Abuja neman aiki. Tunda A+ da CCNA duka biyu shekara 3 suke yi kafin a sabunta su, ina tsoron wa'adinsu ya ƙare ban yi aiki da su ba. Ina roƙon shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar.

Baban Hanifa, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ajiye maganar Security+ tukuna, domin abin da ya rage maka ba a ɗakin jarrabawa yake ba. Mai ɗaukar ma'aikaci yana son ya san ko za ka iya tsayawa gaban rauta (na'urar raba intanet) da ta daina aiki, mutane suna jiranka, ka gano matsalar ba tare da ka rikice ba, kuma satifiket na uku ba zai amsa masa wannan tambayar ba.

Wurin da nake fara nuna wa matasanmu shi ne cibiyoyin jarrabawar JAMB. Tun 2015 da hukumar ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, kowace cibiya tana da kwamfutoci fiye da 200 da aka haɗa su da saba (babbar kwamfutar cibiyar) ta hanyar kebul, kuma kafin lokacin jarrabawa masu cibiyoyin suna neman hannu. A can za ka danne kan kebul da hannunka, ka bi layi ɗaya bayan ɗaya ka gano wanda ya mutu, ka ga abin da ke faruwa idan kwamfutoci biyu suka ɗauki adireshin IP (lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita) iri ɗaya, ka kuma koyi abin da littafin Cisco bai damu da shi ba, wato yadda ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta ke kashe na'urori idan inbata ba ta da ƙarfi. A ganina, kakar jarrabawa ɗaya a irin wannan wuri ta fi wata shida na karatu kai kaɗai a ɗaki.

Sai kuma ka bi masu haɗa intanet da kyamarorin tsaro a otal-otal, makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a farkon 2023 aikinsu ya ƙaru, domin wanda ya sayi na'urar yana bukatar mai raba masa intanet ɗin zuwa ɗakuna da ofisoshi. Ka lura cewa a nan yankinmu na'urorin kamfanonin MikroTik da TP-Link za ka fi cin karo da su fiye da na Cisco, saboda tsada. Kada hakan ya dame ka, domin VLAN (raba kwamfutoci rukuni-rukuni) da DHCP (ba su adireshi kai tsaye) da rarraba adireshi ilimi ɗaya ne a kowace na'ura, salon ba da umarni ne kawai ya bambanta. Da kuɗin da ka tara, ka sayi ƙaramar rauta ta MikroTik ko da ta hannu ce, ka yi ta gwaji a gida.

Maman Yusra, Gombe:

Ina cikin masu tantance sababbin ma'aikata a sashen kwamfuta na wurin aikinmu, don haka zan yi magana kan takardar CV. Yawancin matasa suna jera satifiket a sama, su bar gurbin gogewa babu komai, alhali sun gyara kwamfutocin wata makaranta ko sun haɗa intanet a shagon wani. Wannan aiki ne, kuma ya kamata a rubuta shi da bayani: wurin, yawan kwamfutocin, matsalar da aka tarar, da yadda aka warware ta.

Malam, ka kuma sani cewa aikin farko galibi na taimaka wa ma'aikata ne: firinta ta ƙi bugawa, wani ya manta kalmar sirri, imel ya ƙi buɗewa. Microsoft yana ba da Windows Server, manhajarsa ta saba, kyauta na kwana 180 don gwaji. Ka ɗora shi a VirtualBox (manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka), ka koyi buɗe asusu da sauya kalmar sirri a Active Directory (sashensa mai kula da asusun ma'aikata), domin tambayar da muke yi ke nan. Kuma kada sharaɗin shekara 2 ya hana ka tura takarda, sau da yawa buri ne na mai talla, ba iyaka ba.

Abu Safwan, Bauchi:

Na yarda da Baban Hanifa, sai dai ina da gyara ɗaya. Na ga matasa da dama sun shekara suna bin maigida suna ɗaukar tsani, ba albashi, ba kuma a bari su taɓa saitin na'ura. Tun farko ku yi magana a fili kan watannin da za ka yi, kuɗin mota, da takardar shaida mai sa hannu idan ka gama. Abuja kuwa, kada ka tafi sai an kira ka ganawa, domin kuɗin haya kaɗai zai cinye abin da ka tara.

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai cibiyar jarrabawa kusa da unguwarmu, zan je na gana da mai kula da na'urorinsu a wannan makon. Hajiya, idan na sake tsara takardar tawa, ina neman izini na turo miki ki duba.

Maman Yusra, Gombe:

Ka turo, amma kada ta wuce shafi 2, kuma ka sa ayyukan da ka yi da hannunka a sama da jerin satifiket.